Zailani Mai Zanen Gida

Zailani ɗan Rurum Tsohon Gari ne. Ya yi karatun zanen gine-gine a Kano, ya dawo Rano ya kama ɗan shago kusa da tasha. Abin da ya fi zauna masa a rai daga makaranta shi ne, tun gida yana kan takarda ana iya kintatar abin da zai ci har ya tsufa: makamashin da aka ƙona wajen yin siminti, man janareta, wutar fanka, da hayaƙin da duk wannan zai tura sama. Shi ya sa duk wanda ya zo masa, sai ya zana masa bangon jar ƙasa mai kauri, rufi mai tsawo, tagogi suna kallon juna.

Mutane sukan saurara, su ce, "Allah ya ƙara basira." Daga nan su wuce wurin wani.

Wanda ya fi ci masa rai yayansa ne, Alhaji Mika'ilu, mai motocin haya zuwa Kano. Da Allah ya buɗa masa, sai ya ce zai rushe soron mahaifiyarsu, Hajiya Saude, ya yi mata na bulo.

"Yaya, ɗakin nan dafa ta zai yi da bazara," in ji Zailani. "Ga kwano a kanta, ga taga tana kallon yamma. Sai dai kullum a kunna inji saboda fanka."

"To a kunna mana. So kake a ce ina da hali na bar uwata a ɗakin ƙasa?"

Aka rushe, aka gina na bulo. Shekarar farko injin ya yi ta ruri. Da fetur ya yi tsada, harkar mota ta ja baya, aka rufe shi da buhu. Hajiya ta koma wuni a gindin darbejiyar maƙwabta, mafici a hannu. Ba ta taɓa kuka da kowa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ɗana ya yi mini gata."

Zailani ya so ya gina nasa don mutane su gani da idonsu. Amma maginan ƙasa sun tsufa, 'ya'yansu sun koma buga bulo, dangin matarsa kuma suka ce 'yarsu ba za ta tare a gidan laka ba. Shi ma bulon ya saya.

Yanzu in mutum ya shigo shagon, ɗaki nawa kawai yake tambaya, ya ja layi. Kwanan baya wani manomi daga Durba ya ce masa, "Malam, irin gidajen bulon nan na bakin titin Kibiya nake so, sak." Zailani ya ce masa to, ya dawo ranar kasuwa ya karɓi zanen.