Karimatu da Rumbun Telolin Briqueterie

Da hantsi ake ganin Karimatu, jakar kwamfuta a kafaɗa, tana ratsa layin mahauta zuwa ɗakin ƙungiyar telolin unguwar Briqueterie. Ba ta karyawa sai ta duba ko shafin ƙungiyar na intanet ya kwana lafiya.

Shekarar korona masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, ga azumi ya kama, tela kuwa in ɗinkin Sallah ya wuce shi, shekara ta wuce shi. Ƙungiya ta buɗe shafi inda mutum zai aiko awonsa, amma kullum da an sha ruwa jama'a suka hau, sai ya durƙushe. Karimatu ta ce rumbun bayanan ne, wurin ajiyar awo da sunaye, ba ya jure cunkoso. Ta nemi a koma ga buɗaɗɗe, irin na kyauta wanda kowa ke iya leƙa yadda aka gina shi ya gyara.

Shugaba, Alhaji Gajere, ya ce, "'Yata, araha ba ta ado. Abin da ba shi da mai shi, wa za mu kama in ya lalace?"

Ta ce, "Baba, yankan babbar riga na wane ne? Ai don na kowa ne ya kawo yau."

An daɗe ana gaya mana mai tsada shi ne nagari. Ni dai har na tsufa ban ga rasit ya ɗauki kaya ba.

Ta san halin mutanenmu: ba mai tuna ɗinki sai kunu ya sauka, kuma lokaci guda. Sai ta ɗora buɗaɗɗun rumbuna biyu, ta roƙi matan unguwa, har da na unguwar Messa, kowace ta aiko awo da zarar ta sha ruwa. Ɗaya ya yi ta nishi, ɗaya ko gezau. Shi ta ɗauka.

Goman ƙarshe jama'a suka yi wa shafin ca, bai faɗi ba. Ranar jajibere Alhaji Gajere ya leƙo, zare a gemu, ya ce, "'Yata, kashe shi haka nan, hannuwanmu sun gaji."

Karimatu, ke ce ginshiƙin da ba a gani sai rufi ya tsaya. Yau da kike miƙa aikin ga waɗanda kika koyar, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku yi irin nata: kafin ku yaba zane, ku wanke shi tukuna.