Goggo Jumai da Dogon Adireshi

Duk wanda ya taɓa sayen man shanu a kasuwar Rano ya san Goggo Jumai, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, ba ta son ciniki mai tsawo. In ka ce man ya yi tsada, sai ta rufe ƙwaryarta da faifai ta kalli gefe kamar ba da ita kake ba. A ruga aka haife ta, ta bi shanu tun tana ƙarama, sai da ta auri Malam Shitu suka zauna a Saji, ana kiwo ana taɓa noma. Ta fi shekara talatin tana ɗauko nono da mai a ka zuwa gari.

Ni sunana Maharazu, ina da shagon kwamfuta a cikin Rano. Ni na cuci matar nan da hannuna, ina ganin alheri nake yi mata, shi ya sa labarin ya ƙi barina.

'Yarta ta fari ita ce Saudat. Goggo kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haifi Saudat ba ta taɓa kiran sunanta ba. A gaban ido "ke", a bayan ido "yarinyar can". Ba ta yabonta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita in da mutane. Ita kuma Saudat sarkin tsokana ce. Na sha jin ta a kasuwa tana cewa, "Inna, faɗi sunana sau ɗaya tak, in saya miki atamfa." Sai Goggo ta ce, "Allah ya shirye ki," ta ci gaba da awon mai.

Saudat ta yi difloma a Kano ta dawo gida. Ita ta haɗa matan Saji da na Yalwa suka yi ƙungiya, suna soya man shanu suna ɗurawa a kwalba ana kai wa birni. Ita ta zo shagona ta ce mu buɗe musu shafin intanet. Adireshin da muka yi rajista dogo ne, sunan ƙungiya sannan .com.ng a ƙarshe. Ta ce lallai sai an sa murya a shafin, don masu saye su ji mutane ne ke yin man ba inji ba. A shagona muka ɗauka. Sau bakwai tana ɓatawa da dariya, na takwas ɗin ma da 'yar dariya ya ƙare:

"Assalamu alaikum. Sunana Saudat, 'yar Jumai ta Saji. Man shanunmu hannun iyayenmu ne ya kaɗa shi, ba mu haɗa shi da komai. Ku ɗanɗana ku ba da labari."

Da daminar shekara ta gaba zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyar ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Na je gaisuwa. Mata na ta kuka, Goggo na zaune a miƙe, idonta a bushe, tana amsa "sai haƙuri" da "na gode". Washegari aka gan ta a garke tana tatsa. Wasu suka ce tawakkali, wasu suka ce taurin zuciya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce a raina wannan tsohuwa dutse ce.

Daga nan duk ƙarshen wata sai ta biyo ta shagona ta miƙo mini wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta ce in sa mata data. Ban taɓa tambayar abin da take yi da ita ba. Mace ba ta karanta boko, na ɗauka wa'azi take saurare.

Bayan shekara biyu ƙungiya ta fara ƙananan kwalabe. Takardar da ake liƙawa ta yi ƙanƙanta, adireshin ya ƙi shiga sai an karya shi layi biyu, masu saye kuma suna ta kuskuren rubuta shi. Na ba shugabar ƙungiyar, Hajiya Halima Sadiya, shawara mu yi rajistar gajere, mai .ng kawai. Tsohon ba za a rufe shi ba. Duk wanda ya rubuta dogon zai faɗo kan sabon shafi, ƙofa biyu gida ɗaya. Har ina alfahari da wannan magana, ina maimaita ta a gaban matan ƙungiya.

Sabon shafi na gina musu fes, mai saurin buɗewa. Da na zo kan muryar Saudat na tsaya. Na ce a raina, muryar mamaciya tana tallan mai? In uwarta ta ji wata rana ai an fama mata ciwo. Amma ban yi gaban kaina ba. Ran da matan suka taru a zauren Hajiya na tambaya da babbar murya: "Zan share tsohon shafi gaba ɗaya, har da muryar marigayiya. Akwai mai son a bar wani abu?" Duk ido ya koma kan Goggo. Ita kuwa tana tsinkar bakin tabarma da farce, ba ta ɗago ba. Hajiya ta ce, "To shi ke nan, share."

Wawa irina! Na girma da Fulani maƙwabta, na san matar da ba ta iya faɗin sunan 'yarta a ɗaki ba za ta roƙi muryarta a gaban mata ashirin ba. Na sani sarai, amma na ɗauki shirunta a matsayin amsa saboda ya yi daidai da abin da nake so. Na koma shago na share.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, sai ga ta a ƙofar shago ba ƙwarya a ka. Ban taɓa ganin ta a Rano ba ƙwarya ba. Ta jira har wani da ya zo buga takarda ya fita, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani guntun kwalin sukari da ya yi laushi don riƙo. Rubutun Saudat ne a jiki, manyan baƙaƙe, dogon adireshin nan.

"Ɗan nan," ta ce, "duba mini, hannuna ne ya ɓata ko wayar ce?"

Ta aje kwalin a cinya, ba ta ko kalle shi ba. Da ɗan yatsa ɗaya ta dinga danna baƙaƙen a kan wayar, a hankali, har .com.ng, ba kuskure ko ɗaya. Ba ta san sunan harafi ko guda ba, siffarsu ta haddace. Sabon shafina ya buɗe nan take, ga kwalabe suna ƙyalli. Ta danna inda ta saba dannawa, ƙasa ta dama. Ba abin da ya yi magana.

"Yarinyar can ta koya mini da wasa, wai bokona ke nan. Kullum in na gama tatsa nakan zaga bayan garke in ji. Kun ce tsohuwar ƙofar tana nan."

Na ce, "Tana nan, Goggo."

"To ina mai gidan?"

Sai a lokacin na gane ita ba ta ɗauka sharewar za ta taɓa ƙofarta ba. Tunda an ce dogon adireshi ba zai mutu ba, ta zaci sabon ne kawai zai rasa muryar, nata yana nan yadda ta bar shi.

Na yi kwana biyu ina nema. Kwamfutar da muka ɗauki muryar da ita tuni na goge komai a cikinta na sayar. Kamfanin da ke ajiye shafin suka ce abin da na share da hannuna ba su da kwafinsa. Wayar Saudat kuwa tun tana jinya ta ɓace. Na bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, hotuna ne kawai. Ihu bayan hari.

Da kaina na je Saji na faɗa mata, a bayan garken, inda ba kowa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ina kuka kamar ba namiji ba. Ta ce, "Tashi. Ai ka tambaya." Wannan magana ta fi zagi ciwo.

Ta daɗe tana kallon shanu. Can sai na ji ta fara, ƙasa-ƙasa, da irin hawa da saukar muryar Saudat sak: "Assalamu alaikum. Sunana…" Ta tsaya. Na riƙe numfashi ina jira. Ta tsallake, ta ce, "'yar Jumai ta Saji," ta kai har ƙarshe. A nan na fara ganin hawayenta.

Da zan tafi ta ce, "Kar ka rufe dogon. Hannuna ya saba."

Ban rufe ba, kuma ba zan rufe ba muddin ina da rai. Jiya ma ta zo an sa mata data.