Ramuka Shida na Ɗan'inna

Ɗan'inna mahaƙin rijiya ne, mutumin Taura. Shekara ashirin yana shiga cikin ƙasa, har ta kai in ya damƙi turɓaya ya murza zai gaya maka abin da ke ƙarƙashinta. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, gine-gine suka yawaita, sai ya koma can yana haƙar harsashin gini.

A shekarar 1994 wani ma'aikacin gwamnati, Alhaji Musaddiq, ya kira shi zai ƙara ɗaki biyu a bayan gida saboda mahaifiyarsa, Hajiya Kubura. Ɗan'inna ya sara ƙasar sau uku, sai ga tsummoki da fasassun kwalabe.

"Alhaji, nan tsohon kududdufi ne aka cike da shara," in ji shi. "Ba zai ɗauki bulo ba. Sai an haƙa ramuka shida kamar rijiya har a taras da ƙasa mai tauri, a sa rodi, a zuba kankare, ginin ya zauna a kansu."

Ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin ya tuntsire da dariya. "Malam, ɗaki muke so, ba ruwa ba." Alhaji ya taya shi, ya ce a sallami mai rijiya.

Aka yi ginin haka nan, Hajiya ta tare. A damina ta biyu bangon ya tsage. Wata Laraba da hantsi ya rufto, ya karya wa Hajiya ƙugu. Alhaji ya aika aka nemo Ɗan'inna. Ya zo, ko hannu bai ba shi ba.

"A gaban jama'a na gaya maka!" in ji Ɗan'inna. "Don ba ni da takarda ka mai da ni abin dariya, ka kwantar da tsohuwa a kan juji. Mahaifiyarka ce fa, Alhaji! Wallahi ko akuyata ba zan ɗaure a nan ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

Ɗan'inna ya karɓi aikin sake ginin saboda Hajiya. Kwana goma sha tara yana haƙa, kowane rami gaba uku. Abincin gidan bai taɓa ci ba, da ƙunshin rogonsa yake zuwa. Kullum da safe yakan durƙusa ta bakin taga ya ce, "Hajiya, ya jiki?" sannan ya ɗauki diga.

Hajiya ba ta shiga sabon ɗakin ba, ta rasu kafin a yi rufi. Ɗan'inna ya bi jana'iza har maƙabarta, ya dawo ya ƙarasa aikinsa. Har ciwon gwiwa ya mai da shi Taura, in labarin ya taso ba ya kiran sunan Alhaji, sai dai ya ja tsaki ya ce "mutumin nan".