Shekara Uku Ina Cewa Da Sauƙi

Ni tela ne, ko in ce tela nake kafin in faɗo daga rufin shagona a Anguwan Rogo a Jos. Ƙanƙara ce ta huda kwanon a farkon damina, ruwa ya dinga ɗiga a kan yadin mutane, ni kuma na ga ba sai na kira kafinta ba a kan ƙusa huɗu. Na ari tsani na hau. Biyu na buga, ta ukun har yau ban san inda ta shiga ba. A asibiti na farka, aka ce ƙashin bayana ya karye, aka yi mini aiki aka ɗaure shi da ƙarfe. Bayan wata biyar na miƙe da sanda, kowa ya ce an auna arziki. Gaskiya ne, an auna. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ƙashi zai haɗe amma ciwon ya yi zamansa, kuma da bakina na kusa sa a sallame ni daga asibiti da shi a jikina.

Daga ƙugu yake tasowa, ya gangara ƙafar hagu har tafin ƙafa kamar an zura mini waya mai zafi. Zama ya fi komai wuya. Minti goma a kan kujera sai gumi ya karyo mini, balle a zo ga taka keken ɗinki. In sanyin garin nan ya sauko a tsakiyar damina, ranakun da ake wuni ana yayyafi ba a ga rana ba, sai in ji ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, har zan iya nuna maka inda kowanne yake. Ban iya sunkuyawa. Matata ce ke sa mini safa kullum da safe, tana durƙushe tana tambayata, "Malam, yaya jikin?"

Ni kuma in ce, "Da sauƙi."

To me zan ce? Haka aka koya mana tun muna yara. In an tambayi mara lafiya, amsa ɗaya ce, ko da kuwa ransa ya zo wuya. Mahaifina ana gobe zai rasu na ji da kunnena yana ce wa masu dubiya da sauƙi, su kuma suka amsa da Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya tashi ya fita yana share ido. Ba wanda ya ɗauke shi maƙaryaci. Ladabi ne, godiya ce ga Allah, kuma hanya ce ta sallamar baƙo ba tare da ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Na yarda da duk wannan. Amma an yi kalmar ne don ciwon da ko ya tafi ko ya tafi da kai cikin mako biyu. Ba wanda ya tanadi abin da mutum zai ce a shekara ta uku.

Watannin farko ɗakina bai rabu da mutane ba, kuma kowa da maganinsa. Wannan ya ce kitsen mesa, wancan ya ce ƙaho, wani ya rantse akwai maɗori a bayan gari da zai gyara abin da likitoci suka ɓata, kamar bayana tsohuwar riga ce da za a farke a sake ɗinkewa. Har mutumin da nake sayen zare a wurinsa a kasuwar Terminus ya aiko mini da wani man shafawa mai yaji, na shafa na wuni ina warin kantin magani. Duk wanda ya dawo ya ce, "Yaya, an dace?" sai in ce da sauƙi, don kada in kunyata shi. Shi kuma ya tafi ya baza a gari cewa maganinsa ne ya tashe ni. Akwai mutum uku a unguwarmu da har yanzu kowannensu ya tabbata shi ya warkar da ni.

Wanda ya fi ƙona mini rai yayana ne. Wata Juma'a bayan an sauko ya shigo ya same ni a kwance ruf da ciki a kan tabarma, ya tambaye ni jiki, na ba shi amsar da aka saba. Sai ya gyara zama ya ce, "To ni abin da ban gane ba, kullum sauƙi, kullum sauƙi, shekara nawa ke nan? Me ya hana ka komawa shago? Mutane fa sun fara magana. Jiki in ka biye masa sai ya kwantar da kai."

Na ce, "Yaya, ciwon yana nan."

Ya ce, "A'a, kada ka yi wa Allah butulci. Wasu da suka faɗo irin faɗuwarka a keken guragu suke."

Ka ji fa. In na ce da sauƙi na zama malalaci, in na ce babu na zama butulu. Haushi ya turnuƙe ni, na juya fuskata bango. Shi kuwa ko a jikinsa, ya sha kunun da aka kawo masa, ya yi mini Allah ya ƙara sauƙi ya fita.

Duk wata biyu nake komawa asibiti. Keke Napep muke shiga ni da matata, ina zaune a gefe ɗaya na ɗuwawu, na riƙe ƙarfen rufi da hannu biyu, ina ji a ƙashin bayana duk ramin da ke tsakanin gidanmu da can. In mun isa a karɓi kati a ce a zauna a benci. Ni ban zama, bango nake jingina har a kira ni. Kusan kowane zuwa likita daban nake samu, kowanne a gajiye, layi na jiransa a waje. Zai ɗago ya ce yaya jiki, bakina ya riga ni, ya rubuta wani abu da Turanci, ya maimaita mini maganin da ba ya yi mini komai sai sa ni jiri. In fito ina tsine wa kaina a zuci, in ce wani zuwan zan faɗa. Wani zuwan ya zo in sake.

Ran da abin ya zo ƙarshe mace muka samu, 'yar tsaunukan nan, mai irin Hausar Jos da ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta ce, "Baba, yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, likita."

Ta buɗe fayil ɗina tana juya takardu. Ta ce, "Mun gode Allah. Duk zuwan da ka yi an rubuta kana samun sauƙi. To zan rage maka magani, in sallame ka daga wannan layi. Sai in wani abu ya taso."

Na dubi matata, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Likitar ta fara rubutu, sai kuma ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Me ya sa ba ka zauna ba? Ga kujera."

"Na fi jin daɗin tsayuwa."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, ni a garin nan aka haife ni, na san da sauƙin ku. Jiya wani tsoho ya ce mini da sauƙi, ƙafarsa yana ruɓewa. Amma takarda bai san wannan ba. Abin da ka faɗa shi ake rubutawa. Akwai likita da aikinsa ciwo irin naka ne kawai, zan iya tura ka wurinsa, amma ba zan tura mutumin da ya ce ya samu sauƙi ba. Daga ɗaya zuwa goma, ciwon yana nawa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Mun gode masa. Lamba nake tambaya."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in kwaɗa wa wani sandata, ban dai san wa ba. Ita da ta tsare ni a gaban iyalina, ko likitocin da suka ɗauki gaisuwa suka mai da ita sakamakon gwaji, ko yayana, ko ni da na kai shekara hamsin ban iya buɗe baki in ce abu yana mini ciwo ba. Na buɗe baki, kalmar ta maƙale. Abin dariya, sai da na waiga na ga ko ƙofa a rufe take, kamar mai shirin yin saɓo.

Na ce, "Babu sauƙi."

Da kalmar ta fita sai sauran suka biyo ta, na kasa tsayar da su. Na ce babu sauƙi tun ranar da aka sallame ni daga gado. Na ce rabona da in kai goshina ƙasa a salla shekara uku. Na ce 'yar autata ta daina miƙo mini hannu in ɗauke ta, don ta gane ba zan ɗauka ba. Na ce maganin nan ban san me yake yi ba ban da juya mini kai. Na ce in na shiga banɗaki na daɗe, ba cikina ba ne, wuri nake nema da zan cije hannun rigata in yi kuka inda ba mai ganina. Murya ta tashi ban sani ba, har wata nas ta leƙo ta koma. Na ce, "Lamba kike so? Rubuta tara. Goman na bar wa ranar da aka yi sanyi."

Likitar ba ta ce mini sannu ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ja layi a kan abin da ta fara rubutawa, ta ɗauko wata takarda ta cika, ta gaya mini ranar da zan zo da ɗakin da zan nema. Ta ce ba ta yi mini alkawarin zai tafi ba, amma akwai abin da za a gwada.

Muka fito muka tsaya a bakin titi muna jiran Keke. Matata tana gefena tana kallon titi. Ni kuma kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Can na ce, "Ki yi haƙuri da abin da kika ji."

Ta ce, "Wanne ne ban sani ba? Malam, ƙofar banɗakin nan langa-langa ce. Ina tsakar gida ina jin ka. Ni nake kwashe yara in tura su waje."

Na ce, "Kin sani, shi ne kika bar ni ina ta..."

"To in ce me? Kullum da safe ina tambayarka, kullum ka ce da sauƙi. In ƙaryata ka? Ni ma jira nake ka faɗa."

Raina ya sake ɓaci, wannan karon da mu duka biyun. Shekara uku a ɗaki ɗaya, ina ɓoye mata abin da ta sani, tana ɓoye mini ta sani, kowa yana ganin yana kyautata wa ɗan'uwansa. Keke ya tsaya, ta riƙe mini sanda na lallaɓa na shiga.

Washegari da safe ta ɗauko safa ta durƙusa a gabana. Ta sa mini ta dama. Na ga ta buɗe baki za ta yi tambayar, sai ta fasa, ta tsaya riƙe da ɗayar a hannu tana kallon ƙafata.

Ta ce, "A ina yake yau?"

Na ce, "Daga gwiwa zuwa ƙasa. Ki bi a hankali wajen diddige."

Ta naɗe safar har ƙarshe, ta buɗe bakinta da yatsu, ta zura mini ba tare da ta taɓa diddigen ba.