Ranar da Na Tona Rijiya a Bakin Teku

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, in ce zan rubuta, in fasa. Tsorona kada a ce dattijo ya rasa abin yi. Yau dai na daure, don akwai abin da nake nema a wurinku.

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, mahaifiyata ta kwanta ciwon ƙafafu a ƙauyenmu da ke gefen Kafur. Tun kaka ba ta ƙara taka tsakar gida ba. An sha saiwa, an yi allura, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta saki jiki da kwanciyar. Ta daina tambayar gona, ta daina yi wa kowa faɗa. Sai wata maƙwabciya ta gaya mata ruwan teku na maganin sanyin ƙashi. Da Inna ta ji abokina, direban babbar mota, zai kai masara Legas daga Funtuwa, ta ce in bi shi in ɗebo mata. Wannan ne abu na farko da ta nema tun da ta kwanta.

Kafin in tafi sai da na je wurin malamin unguwarmu in ji ko babu laifi, na kuma sake komawa. Ya ce ruwa ne Allah ya halitta, in dai na san wanda ke warkarwa, in tafi in bar shi ya huta.

Na ga abin mamaki a Legas. Gada a kan gada, motoci na bin saman motoci. Jiragen ruwa da suka fi unguwarmu girma. Wani gini mai kama da hular soja. Abokina na ta nuna mini, ni kuwa ina rungume da galan ɗina, ina tunanin ko gadar za ta ɗauke mu da masarar.

Bayan an sauke kaya ya kai ni bakin teku, ya tafi neman lodin komawa. Ni da na saba da rafin da yaro ke tsallakewa, sai ga ruwa ba ya da ƙarshe, yana ta ruri yana tasowa kamar bango. Sai na tuna yadda muke yi da rani in rafi ya ƙafe: a tona yashi, a jira ruwa ya tsattsafo. Na ja da baya, na naɗe hannun riga, na kama tono. Mutane suka fara taruwa suna dariya.

Ruwa kuwa ya fito. Amma sai wasuwasi ya kama ni: Inna ruwan teku ta ce, wannan kuwa na rami ne. Idan na kai mata, na cika alkawari ke nan ko na yaudare ta? Na tashi na nufi tekun, na durƙusa na juya masa baya don kada in ga tasowarsa. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ya maka da ƙasa ba. Na miƙe ina tarin yashi, ba hula, ba galan.

Ina tsaye hawaye na neman zubo mini, sai na ji an ce, "Kai Malam, wane gari ne naku da ake ba ruwa baya?"

Wata Bayarabiya ce mai gasa masara, Hausarta tsaf irin tamu. Da na ce Kafur, ta ajiye mafici ta dafe ƙirji. Ashe a Malumfashi, kusa da mu, aka haife ta, mahaifinta na sayar da kayan keke kusa da tasha, aure ya kai ta Legas. Na ba ta labarin Inna. Ta wanke wata babbar kwalba, ta kama hannuna kamar ƙaninta.

"Ka dube shi ido da ido," in ji ta. "Kada ka bi shi. Tsaya nan, shi zai kawo kansa."

Haka aka yi. Ruwa ya taso ya rufe mini gwiwa, kwalba ta cika. Na ba ta ragowar ƙuli-ƙulin guzurina, ta shinshina, sannan ta ce in gaida mata Inna, in gaida garin duka.

Da na iso gida Inna ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce an yi ɓarnar gishiri. Matan unguwa suka cika gidan, kowa na son gani. Ta ce ba wadda za ta taɓa mata kwalba, ita za ta nuna musu da kanta. Ta dafa bango, ta fito tsakar gida, tana yi musu faɗa su matsa.

Ban ce ruwan ne ya yi ba, wannan Allah ya sani. Da sanda ta ci gaba da tafiya, amma da ita aka tsinci audugar shekarar.

Har yau ni mai yawan fargaba ne, sai dai na koyi tsayawa in dubi abin da nake tsoro.

Roƙona ga mutanen Malumfashi: wa ya san gidan Bayaraben da ya yi sana'ar kayan keke kusa da tasha a wancan zamani? Ban tambayi sunanta ba. In tana raye, ko 'ya'yanta, ina so su ji cewa Inna ta amsa gaisuwar, kuma ta tashi.