Shafin da Baba Ya Hana a Saki

Yayana sana'arsa gina wa mutane shafin intanet, amma a layinmu ba mai ce masa injiniya. Duba-Tukuna ake kiransa, don abin da ke bakinsa ke nan tun safe. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a saman shagon tela, keken ɗinki na girgiza masa tebur daga ƙasa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sakin shafi duniya ta gani sai mai shi ya leƙa ya ce to. Kuma wallahi ya ga ta kansa. Ya tura wa mai kemis linkin gwaji, wanda ake taɓawa a ga shafi kafin a sake shi, mutumin ya amsa da "Madalla" bai ko buɗe ba. Ya ba mai makaranta kalmar sirri, ta manta ta kafin ta gama sauka daga bene. Mai gyaran gashi kuwa ya bar ta ta shiga cikin manhajar da yake gina shafin ta duba da kanta, ta yi ta dubawa har ta goge rabin shafin, sannan ta kira tana masifa wai an yi mata asiri.

Duk wannan yana shanyewa. Wanda ya gagare shi Babanmu ne.

Baba kafinta ne, kuma tun da Yaya ya ajiye zarto ya rungumi kwamfuta bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. "Danne-danne" yake kiran sana'ar. Sai Yaya ya zauna ya gina wa shagon Baba shafi: gadaje, ƙofofi, kujeru, har da hoton tsohon yana hararar kyamara. Ba ciniki yake nema masa ba, ni na sani. So yake Baba ya buɗe baki sau ɗaya a rayuwa ya ce ya yi kyau.

Ya sa masa linkin gwaji a waya, da jan rubutu a sama: "Ba a saki ba. Na Baba ne kaɗai."

"Baba, ka duba?"

"Ina dubawa."

"In saki?"

"Tukuna."

Haka aka yi ta yi wata da watanni. Yaya ya canza launi, ya canza hotuna, ya ƙara girman rubutu, har wandonsa ya fara yi masa yawa. Abin ya ishe ni. Na yafa mayafi na nufi shagon Baba da niyyar yin rashin kunya, in ya so a kore ni daga gidan.

Me zan tarar? Baba ya ritsa wani direba da ya kawo gyaran ƙafar kujera, tabarau a kan hanci, yatsa duk garin katako yana jan fuskar waya.

"Taɓa nan. A'a, nan! Ka ga ƙofar ta ƙara girma? Yarona ne ya yi. Duk duniya ba inda shafin nan yake sai a wayata."

Da ƙyar bawan Allah ya samu ya tsere. Na ce, "Haba Baba! Kana nan kana tallarsa, shi yana can ko abinci ya kasa ci? Ka ce ya saki mana!"

"Ke, tafi can. In ya saki, kowa ya gani a wayarsa yana kwance a gado. To ni wa zai tsaya in nuna wa?"

"To ka gaya masa ya yi kyau."

"Ni? Kansa ya kumbura ya kasa wucewa ta ƙofa?"

Ban ɓata lokaci ba, na haye bene na zazzage wa Yaya labarin kaf, har da kwaikwayon murya. Na zaci zai yi dariya. Sai ya juya mini baya, ya daɗe yana goge ido wai hasken kwamfuta ne. Tausayinsa ya kama ni.

Ashe linkin gwaji yana da ranar da zai mutu, na Baba kuma saura kaɗan. Ina tsaye Yaya ya shiga manhajar, ya nemo wurin, ya goge ranar don kada linkin ya taɓa mutuwa.