Ziyarar Inna Gindin Tsamiya

A ƙauyenmu, can bayan Indabo, akwai wata kushewa a gindin tsamiya, da ɗan nisa daga gari ta hanyar gonaki. Tsofaffi sun ce wani malami ne matafiyi ciwo ya kwantar da shi a nan, mutanen gari suka yi jinyarsa har ya cika. Ba wanda ya riƙe sunansa. Bawan Allah kawai ake ce masa.

Duk shekara idan shuka ta matso, mata sukan ware wata Alhamis su je ziyara. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ita ce kan gaba, ni kuma ina biye da ƙwaryar gumba a ka. Tun daga nesa ake cire takalmi. A share wurin, a yayyafa ruwa, kowace mace ta zuba ɗan irin gero a kan wani dutse, a yi fatiha. Sai a raba gumba ga duk mai wucewa, har makiyaya. Daga nan hira ta ɓarke, a yi ta dariya har azahar.

Shekarar da kawuna, autan Inna, ya shiga jami'a a Wudil, ya zo hutu ya tarar da ita tana dakan gumbar ziyara.

Ya ce, "Inna, abin nan fa ba shi da asali. Matacce ba ya ba da ruwa."

Ta ajiye taɓarya. "Wa ya ce maka ruwa nake roƙonsa? Baƙo ne ya mutu a hannunmu, ba dangi. In ba mu yi masa addu'a ba, wa zai yi?"

"To, irin da kuke zubawa fa?"

"Tsuntsaye ke ci. Su ma hana su za ka yi?"

Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Amma a lokacin gwiwa ta fara cin ta, washegari kuwa shi ya aro babur ya goya ta. Da muka isa ya ja gefe ya tsaya da takalminsa, ita ma ba ta kira shi ba. Haka suka yi ta yi duk shekara, ba wanda ya sake tayar da maganar, har Allah ya karɓi ranta.

Bara na je gida da 'yata, na ce mu leƙa. Hanyar ta tsuke, gonaki sun cinye ta. Muka tarar da wata matashiya ita kaɗai tana shara. Ta ce daga Utai aka auro ta, surukarta ce ba ta iya fita yanzu, shi ne ta aiko ta. Tsintsiya ɗaya ce, sai muka riƙa karɓa-karɓa, 'yata tana kwashe busasshen ganye da hannu, har muka gama kafin rana ta yi zafi.